Gem ɗin salula ya kwashe mana yara daga dandali? Muhawarar 'yan Tawa na gida da na waje

Mushe Haruna, Garkawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, ina son jin ta bakin iyaye da samarin zauren nan. Na daɗe ina karantar da 'yan CM2, ajin ƙarshe na firamare, kuma yaran yanzu ba su fi na da rashin ƙwaƙwalwa ba, wannan ban yarda da shi ba. Abin da ya canza shi ne wasansu. Kwanan baya na fitar da su hili na ce a yi langa. Waɗanda suka san yadda ake kama ƙafa ta baya, a zaɓi ruwa, a tsare shi har ya kai gida ya sha, ba su da yawa. Wannan bai dame ni ba, ana iya koya musu. Abin da ya tsaya mini shi ne, da an ɗan samu saɓani sai wasa ya watse, kowa ya rugo wurina: "Mushe, ya yi zamba, Mushe, ka raba mu." Mu da muna yara babu babban da ke tsaya mana alƙali. Mu ke raba kanmu, mu yi gardama, mu kafa doka, mu kori mai zamba, gobe mu maido shi don ba mu cika ba sai da shi. A cikin gem kuwa na'ura ce ke riƙe da doka, ita ke cewa wane ya ci, wane ya mutu. Yaro ba ya koyon sasantawa da ɗan uwansa. Ko ni kaɗai ke ganin haka?

Maman Fati, Bilbis:
Wa alaikumus salam Mushe. Ba kai kaɗai ba ne wallahi. Nawa shekararsa 12. Ubansa ya aiko mishi da salula daga Abijan don su riƙa gaisawa, yanzu salular ta zama ta Free Fire. Sai in kira shi aike, ya ce "Inna ina zuwa", tuwo ya huce, miya ta huce, bai zo ba. Da dare in na shiga ɗaki sai in ga haske ƙarƙashin zane, ya lulluɓe har kai, yana magana ƙasa-ƙasa da mutanen da ban san ko su wane ne ba. Da safe tashinsa sallah sai an yi da gaske.

Ibro, ɗalibi a Yamai:
Iya, Allah shi ba ki haƙuri, bari in faɗa miki abin da ke faruwa lokacin da ya ce yana zuwa, don ni ma ina bugawa. Ba raini ba ne duka. Free Fire ba a tsayar da shi. Mutum 50 ake jefawa cikin tsibiri ɗaya, kowa na neman makami, hilin da ake iya tsayawa yana ta tsukewa har a bar wanda ya rage. Zagaye ɗaya kamar minti 10 ne. Galibi su huɗu-huɗu suke shiga, suna jin muryar juna. In ya aje salula a tsakiya, abokansa uku ya kashe, kuma gobe a lakwal za su tsare shi da maganar. Shi ya sa ya fi kyau ki ce mishi "in wannan zagayen ya ƙare ka kawo mini salular", ki tsaya a kansa har ya ƙare. Matsalar tana wurin maɓallin sake shiga, yana nan kusa da yatsa.

Mushe kuma, da girmamawa, ban yarda cewa ba su koyon komai tsakaninsu ba. Ka saurari yara huɗu suna wasan nan. Ɗaya ke ba da umarni, ɗaya ke tsaron baya, in wani ya faɗi sai a koma a tashe shi. Suna faɗa, suna shiryawa, suna korar mai son kai. Ni rabin Faransancin da nake karantawa da sauri da ɗan Ingilishin da na iya, a gem na fara tsintar su, kuma gem ne ya sa na zaɓi karatun kwamfuta.

Baba Alhaji Mamman:
Ibro ɗana, na ji ka. Amma ka gaya mini, yaron da ka tashe shi cikin salula, in ya faɗi bisa hanya gaske, ka san nauyinai? Mu da munka tashi, kokowa muka yi cikin rairayi bayan an kai amfanin gona gida. Wanda ya kada ka yau, gobe kuna cin tuwo akushi ɗaya. Ka san ƙarhinai, ya san naka. Nan garin namu anka fara gasar kokowa ta ƙasa, wadda ake ba zakara takobi, a 1975, kuma 'yan kokowar nan ba daga sama sunka faɗo ba, daga wasan yara na dandali sunka hito. In babu yaran da ke kokowa da farin wata, ina za a samu masu shiga hili nan gaba? Ni wanga shi ne damuwata.

Lawali mai gem, Sabon Gari:
Salamu alaikum. Tunda sana'ata ake magana, bari in sa baki, kuma ina roƙon a bambanta gidan gem da salula, don ba abu ɗaya ba ne.

Na fara da PlayStation 2. Sony ta fitar da ita a 2000, amma mu nan sai da ta tsufa a Turai ta fara zo mana da arha, wasu ta Ƙonni, wasu daga Katako. Tele guda, benci biyu, manet biyu (abin da ake riƙewa a buga) waɗanda robar kansu ta cinye har sai an naɗe da salatif. Wasan ƙwallo na PES ake bugawa, wanda kamfanin Konami ya canza wa suna zuwa eFootball a 2021. Yaro ya zo da dala 10 a hannu, jiƙe da zufa, ya buga wasa ɗaya. In an ci shi ya miƙa manet, ya koma benci. Biyu ke bugawa, goma ke kallo, ana ihu, ana ba da shawara, ana yi wa wanda aka ci dariya. Babba da ƙarami duka suna wuri ɗaya. Kuma abu mafi muhimmanci, kuɗi na ƙarewa. In dala 10 ta tafi, wasa ya ƙare, sai gida ko hilin ƙwallo. Ni kuma ina ganin kowa. Lokacin lakwal ba na barin yaro ya shigo, in an kira sallah ina kashe tele, in na ga ɗan wani ya zo da jikka sabuwa ina tambayarsa inda ya samo ta.

Salula fa? Babu Lawali a cikinta. Babu mai kashewa, babu mai tambaya. Tana aljihu, tana ban ɗaki, tana gado. Kasuwata ma ta ragu saboda ita. Waɗanda ke zuwa wurina yanzu galibi samari ne masu son babbar tele da PS4.

Malam Sule:
Lawali, Allah shi yi albarka da kashe tele lokacin sallah. Amma ka faɗi gaskiya, ba duk masu gidan gem ke yin haka ba, kuma a wasu wuraren samari na sa kuɗi a kan wasa, wanda ya ci ya kwashe. Wannan caca ce, ko da manet ake yi ko da karta.

Lawali mai gem:
Gaskiya ne Malam, akwai. Ni na hana, amma ba zan rantse a kan abin da suke ƙullawa a waje kafin su shigo ba.

Ibro:
Malam, tunda ka taɓo caca, wadda ta fi wannan tana cikin salular kanta, kuma nan ne ni ma nake tare da ku. Waɗannan wasanni kyauta ake saukar da su. To da mi kamfanin ke cin riba? Garena, mai Free Fire, kamfanin Singafo ne, ya fitar da wasan a 2017, an kuma gina shi yadda zai yi aiki ko a ƙaramar salula mai arha, shi ya sa ya fi PUBG, wani wasan irinsa, yaɗuwa a wurinmu. Ribar tana cikin diamant, wato kuɗin cikin wasan. Da kuɗin gaske ake sayensa, da shi ake sayen riga, da fentin bindiga, da rawar da ɗan wasanka zai taka in ya ci. Akwai kuma wurin da ake juyawa, ka zuba diamant ba ka san abin da zai fito ba, wataƙila abin da kake so, galibi tarkace. Ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ce irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi caca ne a dokarta. Sannan ana ba ka kyauta in ka shigo kowace rana, in ka tsallake kwana ka rasa. Ana ƙirga matsayinka, bayan wani lokaci a rage shi ka sake hawa. Mutane masu ilimi aka ɗauka aiki don su tsara yadda ba za ka so ajewa ba. Yaro ɗan shekara 12 ba zai iya da su shi kaɗai ba.

Snake na Nokia 3310 da yayyenmu suka buga bai neman ko dala daga wurinka. Mario ma yana da ƙarshe. Na yanzu ba a yi su don su ƙare ba.

Maman Fati:
Innalillahi. To yanzu na gane inda kuɗin mega da canjin cefane ke tafiya. Ya taɓa ce mini wai abokansa na yi mishi dariya don ɗan wasansa ba ya da kaya. Na ɗauka shirme ne.

Zainabu, Wadata:
Ku yi mini haƙuri, tun ɗazu maganar maza kawai ake yi, langa, kokowa, ƙwallo. Mu fa? Gaɗa ta mutu a unguwarmu tun kafin Free Fire ya zo duniya. Ba gem ya kashe ta ba. Hilin da muke taruwa an yanka shi fuloti an gina. Lungun da muke carafke yanzu kabu-kabu ke ratsa shi a guje, ba uwar da za ta bar 'yar shekara 6 ta zauna a ƙasa tana cafe duwatsu. Gidaje sun yi katanga da ƙofar ƙarfe. Da dare kowa na tsoro, kuma da dalili. Yarinya ta taso daga lakwal ta tafi makarantar allo ko islamiyya, ta dawo ga wanke-wanke, wata ga talla. Yaushe za ta yi wasa? Tele da finafinan da ake fassarawa su suka fara ɗauke hirar dare da tatsuniya, mu manya mu muka fara zama gabanta.

Ni ina ganin mun ƙwace wa yara wuri da lokaci, sannan salula ta zo ta same su a zaune. Kuma ku lura, salular ma galibi namiji ake saya wa. Ƙanwarsa sai dai ta leƙa ta bayan kafaɗarsa, ko ta ari ta uwarta ta buga Candy Crush kafin a karɓe.

Mushe Haruna:
Zainabu, maganar hili gaskiya ce, kuma ita ta sa ba na son a ce wa yaro kawai "aje salula ka fita". Ya fita ina? Amma hilin bayan lakwal ɗinmu yana nan, ba a gina shi ba, kuma da marece babu kowa sai awaki. Ke nan abu biyu ne suka haɗu.

Akwai kuma wani abin da Lawali ya faɗa a wuce wanda nake son a tsaya a kansa: babba da ƙarami wuri ɗaya. A dandali ɗan shekara 6 yana bin ɗan 13. Babban ke nuna mishi yadda ake fere kara a yi mota, yadda ake lanƙwasa waya a yi sitiyari, yadda ake ɗaure tsumma da leda a yi ƙwallo. In ƙaramin ya shiga langa ana sassauta mishi, ba a bangaje shi da ƙarfi, don in ya yi kuka uwarsa za ta fito wasa ya watse. Haka babban ke koyon riƙon ƙanne tun kafin ya zama uba. Waƙoƙin tashe ma haka suke wucewa daga baki zuwa baki, babu wanda ya taɓa rubuta mana su. In sahu ɗaya na yara ya tashi bai koya ba, wanda ke bayansa ba ya da wurin koyo. A cikin gem kuwa, ƙaramin da bai iya ba nauyi ne ga ƙungiya, sai a ce ya fita.

Lawali mai gem:
Mushe, kun tuna 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulki? Watannin nan ni na sha wuya, amma da marece unguwarmu ta cika da yara. Salula ba wuta, tele ba wuta. Ƙwallo ta dawo, har 'yar ɓuya na gani da idona. Ba su manta ba duka. Da wuta ta daidaita sai lungu ya sake yin shiru.

Rakiya, ma'aikaciyar jinya a Yamai:
Sannunku. Bari in ƙara abin da ya shafi lafiya, don kar a tsorata fiye da kima kuma kar a yi sakaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtukanta a 2019, jerin ya fara aiki a 2022. Amma ba duk yaron da ke son gem ne mara lafiya ba, kaɗan ne daga cikin masu bugawa. Alamomin su ne: ya kasa tsayar da kansa, gem ya gabaci komai a rayuwarsa, kuma ya ci gaba ko da yana ganin ɓarnar da yake yi mishi a karatu ko a gida, galibi har tsawon wata 12.

Abin da na fi gani shi ne rashin barci. Yaro ya kwana yana bugawa, da safe ciwon kai, ido ja, saurin fushi, a kawo shi ana cewa zazzaɓi ne. Hukumar ta ce daga shekara 5 zuwa 17 yaro na bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa haki kowace rana. 'Yan ƙasa da shekara 2 kar a zaunar da su gaban tele ko salula, 'yan 2 zuwa 4 kar su wuce awa 1. Wannan na ƙarshe ina roƙon iyaye mata mu ji shi, don mu ke miƙa wa jariri salula ya yi shiru mu samu mu yi aiki. Yaya Maman Fati, ki fara da abu ɗaya: salula ba ta kwana ɗakinsa. Ta kwana wurinki.

Baba Alhaji Mamman:
To ga tambaya. Su waɗanda sunka ƙera abin ga, ɗiyansu haka suke kwana da shi?

Ibro:
Baba, wasu ƙasashen sun ɗauki mataki mai tsanani. Sin a 2021 ta ce 'yan ƙasa da shekara 18 ba za su buga gem na intanet ba sai awa 1, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. A Turai kuma kowane wasa na da lambar shekaru a jikinsa, 3, 7, 12, 16 ko 18. GTA da ake sa wa yara a wasu gidajen gem na 'yan 18 ne. Mu nan babu mai duba lambar.

Amma Baba, ku ma kuna zama ƙarƙashin bedi kuna dara tun daga hantsi har azahar. Gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, a jera uku a ci. Ai ita ma wasan zaune ce, kuma ba wanda ya ce ta ɓata ku.

Baba Alhaji Mamman:
Ɗana, dara mu munka haƙa gurabunta da hannunmu, ba mu biyan kowa, kuma abokin wasana ina kallon idonai. In anka kira sallah mu tashi, itacenmu na nan inda munka bar su har mu dawo. Kai da bakinka ka ce naku ba a tsayar da shi. Kuma mu sai da munka yi noma munka yi bida kana munka zauna. Kar ka haɗa hutun tsoho da ƙuruciyar yaro.

Abdu, Abijan:
Salam. Na karanta duka, kuma maganar Maman Fati ta taɓa ni, don ni ma na aika wa ɗana salula. Ku fahimce mu mu 'yan bida. Shekara na zagayowa ba ka ga ɗanka ba. In na kira shi, "ina kwana Baba, lafiya lau, karatu lafiya", shi ke nan, kunya ta rufe mishi baki. Amma ranar Lahadi in muka shiga Ludo ni da shi, ko ya ci ni a ƙwallo, sai bakinsa ya buɗe. A nan na ji sunan abokansa, a nan na ji wani yaro na tsare shi a hanyar lakwal. Ban da wasan nan da ban sani ba. Don haka ba zan ce a karɓe mishi ba.

Maman Fati:
Abdu ƙanena, ba wanda ya ce ba ku son ɗiyanku. Amma ku kuna ganin Lahadi, mu muke ganin sauran kwana shida. Ku ke aiko salula, mu ke faɗa da yaro a kanta. In na karɓe sai ya ce ai ta Babansa ce, ba tawa ba. In za ku aiko, ku aiko da doka, ku faɗa mishi da bakinku yana ji ina ji.

Zainabu:
Kuma ku riƙa tambayar 'yan matan ma. Su wa ke wasa da su ranar Lahadi?

Abdu:
Kun yi gaskiya ku duka biyu. Ibro, akwai yadda zan iya iyakance mishi lokaci daga nan inda nake?

Ibro:
Akwai, Yaya. In salular Android ce, ka sauke Family Link na Google a taka. A buɗe wa yaron asusu na yara da shekarunsa na gaskiya, a haɗa da naka. Daga nan za ka iya sa awa nawa a rana, ƙarfe nawa salular za ta kulle da dare, kuma ba zai sauke sabon wasa ba sai ka yarda. Ko ta kulle, kira na shiga. Farkon haɗawar dai sai wani ya riƙe salular yaron a hannu. Amma ku sani, diamant ɗin da yara ke saye wurin masu sayarwa a gari, su ba da lambar wasansu a zuba musu, wannan Family Link ba ya ganinsa. Sai an sa ido kan kuɗin da ke shiga hannunsa. Kuma yara na ara wa juna salula, in an kulle tasa zai iya tafiya gidan aboki.

Maman Fati:
Ni ban iya Faransancin da ke ciki ba. Wa zai yi mini?

Lawali mai gem:
Iya, ki zo da shi da salular shagona bayan la'asar, sai mu kira Ibro ya bi da mu. Amma a fara gaya wa ubansa, don da asusunsa za a haɗa, kuma yaron ya ji daga bakinsa kafin a taɓa salular.

Abdu:
Lawali, in kun gama da nata ka gaya mini, sai in sa a kawo maka tawa. Yau da dare zan kira gida, in yi magana da shi da uwarsa da ƙanwarsa.